Ranar da Na Zuba wa Dam Taki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zuba wa dam taki ba, ko na so in manta ma mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Har yau in ina zaune a kan keken ɗinkina ranar kasuwar Minjibir, sai wani ya leƙo rumfa ya ce, "Tela, yaya gonar ruwa? An fara girbi kuwa?" Da can nakan tashi da almakashi a hannu. Yanzu ko kai ba na ɗagawa, na gaji, sai in ce Alhamdulillahi in ci gaba da taka kekena.

Gidanmu gidan gandu ne, tukunya ɗaya. Akwai Inna mahaifiyarmu, akwai Yaya Sule da iyalinsa, sai ni da matata Ladidi da yaranmu. Gonar bayan gida an raba ta gado, an sake rabawa, har ta koma in ka yi atishawa a cikinta maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa gonar. Wadda take ciyar da mu ita ce wadda Baba ya bar mana a tsallaken dam. Inna ta ce kafin a tare ruwan da ƙafa take kai abinci can, tuwo bai huce ba. Mu kuwa mun taso mun tarar da ruwa a tsakani. Kana tsaye a gaɓa kana hango kukar da ke tsakiyar gonar, amma in ta ƙasa za ka bi, sai ka zagaye duniya. Muna da wani tsohon babur, shi yake yi mana wannan zagayen.

Sai ga shekarar nan da fetur ya fi ƙarfin talaka. Babur ya koma kayan ado a zaure, kaji suna kwana a kansa. Takin zamani kuwa ko farashinsa mun daina tambaya, don kada a ɓata wa mai shago lokaci. Duk fatanmu ya koma kan awakin Inna. Tsohuwar nan, da ciwon bayanta da komai, kullum bayan sallar asuba sai ta duƙa ta share turken awaki, ta haɗa da tokar murhu, ta kai bayan rumbu ta zuba. Shekara guda tana wannan. Kaza in ta kusanci tulin nan sai ta sha jifa. Kowa a gidan ya san ba shara ba ce a wurin, tuwonmu ne na baɗi, in dai ya isa gonar tsallake kafin ruwan shuka.

To yadda zai isa ɗin, nan ne aka zauna shawara bayan kaka, a ƙofar ɗakin Inna.

Yaya Sule mutum ne da ake ƙirga maganarsa a wuni. Ya ce a yi haya. Ko dai a riƙa biyan kuɗin fito sawu-sawu, ko kuma a ɗauki kwale-kwale da matuƙinsa na wuni guda a kwashe komai a huta. Magana mai kyau, sai dai ɗan fiton da muke da shi Ado ne. Ado kuwa ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma tun da aka haife ni bai taɓa gaya mini magana ba tare da tarko a cikinta ba. Muna yara aka sayo mini takalmin roba na sallah ya ɗan matse ni, ya ce in ajiye shi a bakin murhu zai saki. Ya saki kam. Da ƙafa na je idi. Bawana yake ce mini ko a gaban surukaina, kuma ba halin fushi, wasan taubasai ne, kowa dariya zai yi. Na hango kaina zaune a jirginsa damina guda, safe da yamma, ba inda zan gudu, yana tuƙi yana yankana. Na ji ba zan iya ba.

Na gyara zama na ce, "Inna, zanen aro ba ya rufe katara. Bana haya, baɗi haya, ranar da muka fi bukata a ce jirgi ya tafi kamun kifi? Mu sayar da babur ɗin nan mu sayi namu. Namu na gida, har jikoki."

Yaya Sule ya ce, "Wa ya iya tuƙi?"

Nan na jawo tarihina. Na taɓa zuwa cirani Yawuri da kekena, rani ɗaya, kuma a can na ga jirage ana kafa musu gora a tsakiya, a ɗaura ƙaton ƙyalle na buhuna, iska ta yi ta tura su mutane suna zaune suna cin rake. Ba fetur, ba gumi. (Abin da ban faɗa ba, daga gaɓa na gani. Rumfata tana kallon ruwa ne kawai, ban taɓa taka jirgi ɗaya a garin ba.) Na yi ta zuba, har da nuni da hannu. Na ce iska dai ba a cire mata tallafi ba.

Inna ta daɗe tana tsince wake. Can ta ce, "Ni dai takina ya isa gona. Ko a ka za ku ɗauka, ku kuka sani."

Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin an sa mini albarka.

Muka sayar da babur, muka je bakin ruwa zaɓen jirgi, ni da Yaya Sule, manoma biyu da ba wanda ya iya iyo. Shekarar kowa sayar da abin hannunsa yake yi, saboda haka akwai zaɓi. Aka nuna mana wani mai inji, na ce wannan ai babur ne aka sa wa riga, shi ma fetur zai nema. Aka nuna mana wani sassaƙaƙƙe na itace guda, siriri, Yaya Sule ya ɗora ƙafa ɗaya ya ji yana rawa ya janye ƙafarsa ya ce a'uzubillahi. Sai na uku, na katako, mai faɗin ciki. Yana kwance a ruwa rabinsa a nutse, cikinsa cike da ruwa, gansakuka ta kama shi kore shar. Na yi tsaki na ce wa mai shi, "Haba Malam, haka ake riƙon dukiya?" Ya kalle ni ya kalli Ado, wanda ya biyo mu ba a gayyace shi ba.

Yadda muka duba jirgin nan, da wani ya ɗauke mu a waya da yanzu mun yi suna. Yaya Sule ya zagaye shi yana bubbuga masa kwiɓi kamar mai sayen sa, har ya leƙa ƙarƙashin hancinsa. Ni kuma na riƙa ƙwanƙwasa shi da yatsa ina kasa kunne, yadda Inna take yi wa tukunya a kasuwa. Ban san wace ƙara nake nema ba, amma na riƙa gyaɗa kai. Aka kwashe ruwan cikinsa da ƙwarya, Ado ya ɗauke mu ya zagaya da mu. Ko ɗigo bai shigo ba. Aka yi ciniki, aka sa albarka.

Muna shirin tafiya Ado ya dafa kafaɗata, bakinsa har kunne, ya ce, "To bawana, ka zama mai jirgi. Yanzu sai ka bar shi nan, ka sake cika masa ciki da ruwa, ka ɗora dutse ya zauna. Haka ake ajiye shi har lokacin aiki."

Yana faɗa yana dariya. Waɗanda ke wurin su ma suka yi dariya, don Ado ko gaisuwar mutuwa ya je sai an yi da ƙyar. Ni kuwa sai takalmin sallata ya faɗo mini a rai. Na ce, "Wato in sayar da babur in sayi jirgi, sannan in nutsar da shi da hannuna? Ado, na girma."

"Wallahi da gaske nake."

"Ranar takalmi ma haka ka ce."

Kuma ku yi mini adalci, shekarar ba shekarar barin kaya a waje ba ce. An sace injin ban-ruwa a fadama, an kwance lasifikar masallacin unguwarmu, an yanke wa wani gero a tsaye. Mu abin da muka gada shi ne, abu in yana da daraja a kai shi gida, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a kare shi daga ruwa. Haka ake yi wa hatsi, haka ake yi wa garma, haka nake yi wa yadin mutane. Sai na ɗauko hayar amalanken shanu, aka ɗora jirgi, aka ratsa gari da shi mata suna leƙe ta katanga. Na jera duwatsu a bayan gida irin na gindin rumbu, muka ɗora shi a kai, na kankare gansakukar nan tas. Na tsaya na kalle shi ya bushe ya yi fes, na ce yanzu ka samu uban gida.

Haka ya zauna, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Ba mu kai taki da wuri ba saboda a shekarar har taki ake kwashewa a gonakin nesa, gara ya zauna a gaban idon Inna sai ruwa ya kusa. Ni kuma azumi ya kama, ɗinkin sallah ya danne ni, kowa yana kawo tsohuwar riga a juya masa ita. Duk da haka ban yi wa jirgi rowa ba. Na sayi fenti shuɗi na shafe shi, na sa aka rubuta masa Albarkar Inna a gefe da farin fenti. Inna ba ta karatun boko, da aka karanta mata ta ce, "Allah Ya sa," ta wuce.

Wata rana Ladidi ta je neman kazarta da ta koma yin ƙwai a cikin jirgin, ta dawo ta ce, "Malam, jirgin nan fa in ka leƙa cikinsa kana hango ƙasa."

Na je na duba. Gaskiya ne, tsakanin katako da katako ya buɗe, siriri-siriri, haske yana ratsowa. Wani mai hankali da nan ya tsaya ya yi tambaya. Ni tela ne, in ɗinki ya buɗe shafi ake yi masa. Na ƙaro fenti mai kauri na bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya har haske ya daina shigowa, na ce da ita aikin gama ya gama.

Saura ƙyallen iska. Yaya Sule yana da tarin buhunan takin zamani da ya adana tun shekarun da ake iya saye, a naɗe a rataye a ɗakinsa, kuma a cikinsu aka yi niyyar ɗura takin Inna. Bayan sallah na aiko aka ɗauko mini su, na farke su duka, na haɗa su falle-falle na yi musu ɗinki biyu. Wallahi ko rigar ango ban taɓa yi wa aiki irin wannan ba. Na ɗinke gefe ɗaya a jikin doguwar gora kam-kam, yadda ko guguwa ba ta raba su. Mutanen gari da suka gani a shanye suka sa masa suna labulen Tela.

Ladidi ta tsaya a kaina ta ce, "To takin fa, a me za a zuba?"

Na ce, "Jirgin ai shi kansa buhu ne. A zube za a loda shi, can a kwashe da kwando."

Ta ce, "Uhm." Duk mai aure ya san wannan uhm ɗin, ni ma na sani, na yi kamar ban ji ba.

Ranar da hadari ya fara haɗowa ta gabas, iska ta canza, kowa ya san ruwa ya kusa. Na ce gobe za a kai taki. Goben kuwa ranar kasuwa ce, ranar da bakin ruwa yake cika da masu fito. (Na gaya wa Yaya Sule wai ranar ce kaɗai mai amalanke yake da sarari. Ƙarya nake yi. So nake a ga labule.) Da hantsi aka kai jirgi, aka koma aka kwaso taki. Inna da kanta ta tsaya aka kwashe tulin nan, ta bi wurin da tsintsiya ta tattara ɗan abin da ya rage a faifai ta juye a amalanke. Ta ce, "Ku sauka lafiya."

Masunta duk sun shiga ruwa tun safe, Ado kuma ya haye tsallake ɗauko 'yan kasuwa. Waɗanda suka taru a gaɓa irinmu ne, manoma da masu tallan kuka da daddawa, kuma kowa fentin yake yabawa. Muka tura jirgi gindinsa a ruwa kansa a kan yashi, muka shiga loda. Yaya Sule ya ce, "A raba shi biyu mana." Na ce iska ba ta jiran sawu na biyu. Muka zuba duka, ya yi tozo, muka kafa gora, muka tura, muka haye.

Jama'a, ya tafi. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi har yau, labulen nan ya yi aiki. Iska ta cika shi ya kumbura, jirgi ya tsaga ruwa ba filafili ba komai, mutanen gaɓa suka ɗauki kabbara, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na tsaya riƙe da gora, hulata a karkace, sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Shekara biyu ba abin da na taɓa ya yi kyau, ga shi yau abu ɗaya ya yi. Har na ɗaga wa mutane hannu.

Sai Yaya Sule ya ce, "Ƙafata ta jiƙe."

Na ce feshin ruwa ne.

Can ya ce, "Takin nan yana canza kala."

Na duba. Daga ƙasa yake yin baƙi yana hawowa, a hankali, kamar an zuba wa gari ruwa a ƙwarya. Ashe tun muna gaɓa ruwa yake shiga ta layukan da na shafe da fenti, busasshen taki yana shanyewa shiru, shi ya sa ba mu gani ba. Na ɗauki ƙwarya in kwashe ruwa, babu ruwan kwashewa, sai caɓi. Bakin jirgi da ya ɗara ruwa da kamu guda ya dawo saura yatsu. Yaya Sule ya ce, "Juya mu koma." Sai a lokacin na tuna duk zamana a Yawuri tafiyar jirage na gani, ban taɓa lura da yadda ake juyawa ko tsayawa ba. Ya ce, "To sauke labulen!" Na kama na ja. Ɗinki biyu ne. Aikina ne, na san ba zai saki ba.

Ba kifewa ya yi ba, ba wata ƙara. Zama ya yi a hankali, yadda Inna take zama a tabarma in bayanta ya motsa. Allah Ya rufa asiri ƙarshen rani ne, ruwa ya ja baya, kuma a kan wani tudu muka nutse. Muka tsinci kanmu a tsaye a cikin jirgi, jirgi a ƙasan ruwa. Yaya Sule dogo ne, ruwa ya tsaya masa a ƙirji. Ni kuwa a haɓa ya tsaya mini, na ɗaga kai sama ina riƙe da gora, labule yana ta kaɗawa a kanmu kamar ba abin da ya faru.

Sannan taki ya taso. Tokar ta narke ta bi ruwa, kashin awaki kuwa ya taso sama gaba ɗaya, ya kewaye mu, ya yi ta faɗi yana bazuwa, baƙi ƙirin har inda ido ya kai. Sharar asubar Inna ta shekara guda tana yawo a gaban hancina, wani yana taɓa mini leɓe. Na miƙa hannu ina tarowa, ban san me zan yi da shi ba.

Ina cikin wannan hali na ji ƙarar gora a ruwa ta bayana. Jirgin Ado ne ya dawo daga tsallake cike da 'yan kasuwa. A can gaba kuwa, da farar riga da lema a hannu, surukina ne, mahaifin Ladidi. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a hanya tun daga nesa nake cire takalmi. Jirgi ya matso ya tsaya daf da mu. Shi ma bawan Allah kunya ta kama shi, ya kawar da kai gefe ya ce, "Sannunku da aiki."

Wallahi ban yi shawara da gwiwoyina ba. Shekara da shekaru in suka ji muryar nan abu ɗaya suka sani. Na durƙusa.

Ruwa ya rufe ni ruf. Na taso ina tari ina furzar da abin da ba zan faɗa ba, hulata ta tafi, wani abu ya zauna a madadinta. Surukina, har yanzu yana kallon gefe, ya ce, "Madalla, madalla. Yaya mutan gidan?" Ai gaisuwa ba a barinta a rabi. Na ce lafiya lau, na sake tafiya ƙasa. Sai da Yaya Sule ya damƙi wuyan rigata ya riƙe ni a sama kamar ɗan akuya, a haka muka ƙarasa gaisawa, har da tambayar gajiya. Matan da ke jirgin suka cusa mayafi a baki. Ado kuwa ya kwanta a kan gorarsa, dariya ta hana shi numfashi, hawaye shaɓe-shaɓe, yana nuna ni yana kasa magana.

Can ya ɗago ya dubi ruwa, ya bi baƙin nan da ido har nesa. Dariyar ta tsaya. Tun da nake ban taɓa ganin fuskar Ado a haka ba.

Ya ce, "Na Gwaggo ne?"

Na ce, "Nata ne."

"Duka?"

Yaya Sule ya ce, "Duka."

Ya miƙo mini gora na kama. Yana jawo ni ya ce a hankali, "Ai na gaya maka ka bar shi a ruwa. Katako in ya bushe buɗewa yake."

Na ce, "Kana dariya ka faɗa."

Ya ce, "To ni da wace fuskar na taɓa yi maka magana?"

Abin haushin ma, na san wannan tun ina yaro. Turmin gidanmu in ya fara tsagewa da rani, ruwa Inna take zuba masa ya kwana. Ban dai taɓa kawowa jirgi ɗan'uwan turmi ba ne.

Labari ya riga mu isa gida. Muka shiga muna ɗiga, ƙudaje suna rakiya. Ladidi ta kalle ni sau ɗaya ta shige ɗaki, an riga an gaya mata har da gaisuwar. Inna tana zaune a bakin turke tana ba awaki dusa. Na durƙusa a gabanta, wannan karon a kan ƙasa. Na so ta zage ni. Da ta ɗauki muciya ta rafka mini da na ji sauƙi.

Ta ce, "Ba wanda ya ji ciwo?"

Muka ce babu.

"To Alhamdulillahi. Ku je ku yi wanka, kada ku shigar mini ɗaki a haka."

Shi ke nan abin da ta ce. Da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ruwan shuka sosai, irin wanda ake roƙo. Washegari bayan asuba ina kwance na jiyo ƙarar tsintsiya a turke, shar, shar, ta tsaya ta huta, ta ci gaba. Na ja zane na rufe kaina, amma ina ji.

Mun shuka gonar tsallake haka nan ba taki, kuma Ado ne ya riƙa kai mu yana dawo da mu, damina guda, safe da yamma, daidai abin da na sayar da babur don in guje wa. Labule ya yi kwanaki a tsaye a tsakiyar ruwa, masu fito suna kwatance da shi. Da aka zo aka ciro jirgin, ya sha ruwa ya kumbura, layukan nan duk sun haɗe, ko ɗigo ba ya shiga. Na kalle shi na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Gero ya fito siriri, zangarniya kamar yatsa. Rumbu ya ƙare tun damina ba ta zagayo ba. Wata safiya ranar kasuwa Inna ta kira ni, na tarar ta ɗaura wa jar akuyarta igiya, uwar garken, wadda duk sauran 'ya'yanta ne da jikokinta. Ta shafa mata baya ta miƙo mini igiyar ta ce, "Tunda can ka nufa. Ka sayo dawa, ta fi auki." Na ja akuyar nan har kasuwa tana waiwaye tana kuka, ni ma ban waiwaya ba don na san Inna tana tsaye a ƙofar gida. Ba ita kaɗai aka sayar ba kafin sabon hatsi ya shigo.

Yanzu jirgin yana bakin ruwa, rabinsa a nutse, gansakuka ta cinye fentin har da sunan. Ba wanda ya sace shi, wa zai saci abin da ya yi kama da shara? In lokacin aiki ya zo Ado ne yake tuƙa shi, mu kuma ya ɗaukar mana kayanmu. Sharar turke ni nake yi, na karɓe tsintsiyar, duk da Inna takan biyo bayana ta ce na bar rabi. Labulen kuwa na zauna na farke shi, ɗinki biyun nan sai da ya ci mini wuni uku da reza, na mayar da shi buhuna kamar yadda na same su.

Bana da muka ɗura taki, awaki sun ragu, buhunan ba su cika duka ba. Inna ta tattara waɗanda suka rage, ta naɗe su tsaf, ta miƙo mini ta ce, "Ungo, ajiye. Ko za ka sake yin labule."

Na karɓa da hannu biyu. Abin da na koya dai ba shi da yawa, kuma da tsada na saye shi. Kafin ka ɗauki abu ka kai shi inuwa don ƙauna, ka tambaya a ina ya saba kwana. In taubashinka ya gaya maka magana yana dariya, ka zubar da dariyar ka duba abin da ya rage a ƙasa. In kuwa ruwa ya kai maka haɓa surukinka ya yi maka sannu, ka amsa daga tsaye, Allah Ya ga zuciyarka.